SUNAN MALAMI YA ZAGA DUNIYA, KO ILMINSA YA ISO SABO?

A jami'o'in zamanin nan akwai wani ma'auni da ake auna malamai da shi, wanda galibin jama'ar gari ba su ma san da zamansa ba. Idan malami ya yi bincike ya buga sakamakon a mujallar masana, sai a zuba ido a ga sau nawa waɗansu malamai za su kafa hujja da aikin nasa cikin nasu rubuce-rubucen. Wannan shi ne ake kira ambato. Wanda aka fi ambatonsa shi ake ɗauka ya fi tasiri, shi ake gayyata taro a ƙasashen waje, kuma shi ya fi saurin samun ƙarin girma da kuɗin bincike.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya soma fitar da kundin wannan ƙidaya a kai a kai tun daga 1964. A 2004 kamfanin Google ya buɗe sashen Google Scholar, wanda ya sa kowa ma yana iya duba lissafin a intanet. A 2005 kuma wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya dunƙule al'amarin duka cikin lamba guda. In aka ce malami yana da lamba 20 a ma'aunin Hirsch, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya daga cikinsu aƙalla sau 20.

Ambaton wanda aka ɗauki karatu daga gare shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman zaure sun daɗe suna tsare isnadi, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum domin jera malaman da ya yi karatu a wurinsu. Amma su magabata ba su tsaya nan ba. Bayan sun tabbatar da inda ilmi ya fito, sai su tambayi wanda ya amfana da shi, shi ya sa suka riƙa mai da abin da ke cikin littattafan Larabci zuwa waƙoƙin Hausa da Fulatanci, don makiyayi da matar aure su ji. A wannan mako za a ɗauki ma'aunin jami'a a kai shi unguwar Sabo ta birnin Badun, a ga abin da zai nuna.

SHEHUN MALAMIN BADUN

A 1988 ne aka gano cewa waɗansu 'yan kasuwar Italiya sun jibge dubban gangunan shara mai guba, fiye da tan 3,000, a wani fili a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta tilasta aka kwashe gangunan aka mai da su, ta kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da irin wannan kaya, sa'an nan ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A shekarar da ta biyo, watau 1989, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Basel na Suwizalan domin hana ƙasashe masu arziki mai da matalauta bolarsu. Daga baya aka kafa cibiyar da ke haɗa kan ayyukan yarjejeniyar a nahiyar Afirka, aka sa ta a Jami'ar Badun, kuma Shehun Malami Oladele Osibanjo, masanin kimiyyar sinadarai, ya shugabance ta shekaru masu yawa.

Kafin a ankara, sai gubar ta sake kama. Maimakon ganguna, sai ta riƙa shigowa cikin tsofaffin kwamfutoci da talabijin da firji da wayoyin hannu, da sunan kayan gwanjo. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai sa ido kan yarjejeniyar Basel ta ruwaito cewa kwantena kusan 500 na irin waɗannan kaya ke sauka Ikko kowane wata, kuma a wani ƙiyasin har kashi uku cikin huɗu nasu matattu ne, ba su gyaruwa.

Tsakanin 2007 da 2009 Osibanjo da abokin aikinsa Innocent Nnorom na Jami'ar Jihar Abiya suka buga jerin takardu kan wannan bola ta kayan lantarki. Sun duba dalilin da ya sa dokokin da ke aiki a Turai ba su tasiri a ƙasashe masu tasowa, sun bi diddigin wayoyin hannu da ke shigowa Nijeriya da inda suke ƙarewa, sun kuma auna gubar da ke cikin robar jikin waya. Waɗannan takardu sun zama madogara. An ambace su ɗaruruwan sau, daga Sin zuwa Amurka, har ya zama da wuya a karanta bincike kan bolar lantarki a Afirka ba a ci karo da sunayen nan biyu ba.

Yabon gwani ya zama dole. Aikin bai tsaya a takarda kaɗai ba. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, a 2011 aka fitar da ƙa'idojin shigo da kayan lantarki, waɗanda suka haramta kawo mataccen kaya suka kuma wajabta wa masu shigowa yin rajista. An tsare jiragen ruwa a Ikko a 2010 da 2013 aka mai da kwantenonin da suka ɗauko. A 2015 da 2016 cibiyar ta Badun ta haɗa gwiwa da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka girke mutane a tashoshin jiragen ruwan Ikko suna duba kaya da idonsu. Suka tarar ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, mafi yawa an cusa su cikin motocin gwanjo, kuma wajen kashi uku cikin huɗu daga ƙasashen Tarayyar Turai suke. Wanda duk ya ce ambaton malamai zancen banza ne, to, bai yi adalci ba, domin irin waɗannan hujjoji ne hukuma ke riƙewa in za ta yi magana da Turawa ido da ido.

WAYA MAI FUSKA BIYU

Akwai wani fagen bincike da ya bunƙasa a daidai wannan lokaci, shi ma a kan wayar hannu yake, watau amfani da waya wajen kiwon lafiya. Kafin zuwan salula a 2001, layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A 2023 sun haura miliyan 200. Likitoci da masu bincike suka ga dama ta samu.

A 2009 Gwamnatin Jihar Ondo, a ƙasar Yarabawa, ta soma shirin Abiye, inda aka raba wa mata masu juna biyu wayoyi don su kira ma'aikatan lafiya da zarar naƙuda ko wata matsala ta taso. A 2010 hukumar NAFDAC ta kawo dabarar kankare jikin kwalin magani a tura lambar ta waya, nan take amsa ta zo ko na gaske ne ko jabu. A 2014 da cutar Ebola ta shigo Ikko, da wayoyi ma'aikata suka riƙa aika rahoton mutanen da ake bibiya. A Arewa kuwa, da waya aka riƙa bin sawun masu allurar shan-inna don a tabbatar sun shiga kowace unguwa da ruga, kuma daga 2016 aka riƙa tura wa mutanen gari ɗan gajeren hoton bidiyo cikin harshensu, mai nuna alamun cutar, don su ba da labari in sun ga yaron da ya kamu. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Wannan fage ma ya tara takardu da ambato tuli. Sai dai ya nuna wani abu da ya kamata a lura da shi. Shirye-shiryen gwaji sun yi yawa, kowane ya haifi takarda, amma kaɗan ne suka rayu bayan kuɗin masu ba da agaji ya ƙare. Abin ya kai a 2012 Gwamnatin Yuganda ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen lafiya ta waya sai an daidaita su. Ashe takarda tana iya ci gaba da tara ambato alhali shirin da ta bayyana ya daɗe da mutuwa.

To, wayar nan da ta kira ungozoma ta kuma tona asirin jabun magani, ba ta dawwama. Bayan 'yan shekaru sai batir ya kumbura, gilashi ya fashe, a jefar da ita. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na bolar lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Sauran fa, hannun wa suka faɗa?

MASU SHAN HAYAƘIN

Kowa ya zauna a biranen Kudu ya san amsar. Samari ne masu tura kura rariya rariya, suna sayen mataccen rediyo da fanka da janareta da waya, kuma da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne da suka zo ci-rani. Su ake kira 'yan jari-bola ko 'yan gwangwan. Sukan kai kayan inda ake farfasawa, a ware jan ƙarfe da alminiyam da baƙin ƙarfe, a cire allon cikin waya a sayar wa masu fitarwa waje saboda ɗan zinariyar da ke jikinsa. Wayar wuta kuwa, hanya mafi sauri ta raba jan ƙarfe da robarsa ita ce a tara a cinna wuta.

Abin da masana suka tabbatar shi ne wannan. Hayaƙin robar wayar wuta yana ɗauke da guba mai taruwa a jiki, mai taɓa huhu, wadda kuma aka danganta da ciwon daji. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma kilo guda ko fiye. Akwai dalma a batirin mota da na inbata, da kuma a lalatattun allunan tsofaffin na'urori. Akwai zaiba a dogayen ƙwayayen fitila da bayan waɗansu allunan kwamfuta. Dalma ba ta da wari, ba ta sa zafi nan take, amma tana rage jini, tana lalata ƙoda, tana jawo ɓari, tana kuma dakushe ƙwaƙwalwar yaro har abada. Mutanen Arewa sun ga aikinta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Ƙurar da matashi zai kwaso a rigarsa daga wurin fasa batir dangin waccan ce, ko da yake a hankali take cin mutum.

Shin masu sana'ar sun san haka? An tambaye su. A 2015 wata mai bincike 'yar Nijeriya, Chimere Ohajinwa, wadda ta yi digirinta na uku a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ta zanta da masu aikin bolar lantarki 279 a Badun da Ikko da Aba, ta kwatanta su da mahauta 221. Ta tarar mahauta sun fi su sanin haɗarin sana'arsu nesa ba kusa ba. Mahauci ya san wuƙa tana yanka domin yana ganin jini. Mai ƙona waya kuwa ba ya ganin abin da ke shiga jininsa. An yi wannan bincike shekaru bakwai bayan fitowar takardun da suka yi suna, kuma ɗaya daga cikin biranen uku shi ne birnin da jami'ar take. Daga ƙofar jami'ar zuwa Mokola, inda Sabo take, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ilmin ya ƙetare teku ya isa Beijin da Landan, amma ya gaza ƙetare wannan ɗan tsakani.

SABO TA SABA DA MASU BINCIKE

An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo ne a 1916. A 1962 da 1963 wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a cikinta yana nazari, lokacin mazaunanta ba su wuce 'yan dubbai ba. Littafin da ya fitar a 1969 ya zama abin karantarwa a jami'o'in duniya, an ambace shi sau dubbai, har ya zama masana a Turai da Amurka sun san sunan Sabo fiye da yadda suka san sunayen manyan garuruwan Arewa da yawa.

Abin da Cohen ya bayyana kuwa shi ne sirrin da ya sa Hausawan Sabo suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi ba tare da banki ko takardar yarjejeniya ba. Baƙo yakan sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba mahauci shanu bashi. Sarkin Hausawa yana raba gardama, masallaci da zikirin Tijjaniyya suna haɗa kan jama'a. A taƙaice, magana a Sabo tana tafiya ne ta bakin wanda aka amince da shi.

Ga abin mamaki. Binciken da aka fi ambato game da Sabo, shi ne ya zana hanyar da za a bi a isar wa Hausawan Kurmi saƙo. Zamani ya sauya, motoci sun maye gurbin jirgin ƙasa, canjin kuɗi da waɗansu sana'o'i sun shigo, Hausawa sun bazu zuwa Bodija da Shasha da Ojo, amma har yau ɗan ci-rani ba ya sauka gari sai ta hannun wani, kuma kowace sana'a tana da shugabanninta. Masu binciken lafiya ta waya su ma sun tabbatar cewa saƙon murya ko na hoto cikin harshen mutum yana isa inda takarda ba ta isa. Ilmin gubar yana nan, ilmin hanyar yana nan, wayar tana cikin aljihun kowane mai tura kura. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa ukun, kuma ma'aunin jami'a ba ya ba kowa lada don ya yi hakan. Malamin da ya ɓata wata guda yana zaga wuraren 'yan gwangwan da tafinta, lambarsa ba za ta ƙaru da ko ɗaya ba. Wanda ya zauna ofis ya sake jujjuya tsofaffin alƙaluma ya fitar da sabuwar takarda, shi ne zai ci gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masana da kansu sun fara kokawa. A 2012 wani taronsu a San Faransisko ta Amurka ya fitar da sanarwa cewa a daina auna malami da sunan mujallar da ya yi rubutu a ciki, a riƙa duba abin da aikin ya ƙunsa da abin da ya haifar.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, jami'o'in ƙasar nan da hukumar da ke kula da su su sanya sharaɗi: duk wanda ya ɗebi jinin mutane, ko ƙasar wurin aikinsu, ko amsoshin bakinsu, wajibi ne ya koma ya gaya musu abin da ya gano cikin harshen da suke ji, kuma a lissafa masa wannan a wajen ƙarin girma. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da ƙwararrun da za su mai da sakamakon bincike zuwa magana mai sauƙi.

Na biyu, saƙon ya zama gajere, na murya, wanda za a iya turawa ta WhatsApp ko a saka a rediyo, kuma ya fito ta bakin sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin sana'a. Abin da za a faɗa bai da yawa. A feɗe wayar wuta maimakon a ƙona ta. Kada a fasa gilashin talabijin ko batir a inda ake kwana ko dafa abinci. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Kada a shiga gida da kayan aiki a jiki. A nisanta yara da mata masu juna biyu daga wurin. A sa safar hannu da takalmi mai rufi, a kuma yi allurar rigakafin sandarewar jiki saboda yankan ƙarfe.

Na uku, wa'azi ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Mutum yana ƙona waya ne domin wuta ta fi wuƙa sauri. A 2014 an gwada kafa injinan feɗe waya a Agbogbloshie ta birnin Ankara a ƙasar Gana, kuma jan ƙarfen da aka feɗe ya fi ƙonanne daraja a kasuwa. Ƙa'idojin Nijeriya sun ɗora wa kamfanonin da ke ƙera kayan lantarki ko shigo da su alhakin kayansu bayan sun mutu. To, NESREA ta matsa musu su buɗe wuraren saye a garuruwa irin su Badun da Kano, inda za a biya mai kura kuɗi mai kyau in ya kawo kaya bai fasa ba bai ƙona ba. Korar 'yan jari-bola daga gari ba ta rage bolar ko kilo ɗaya, sai dai ta tura hayaƙin bayan gari inda ba mai gani.

Na huɗu, attajiran Sabo da 'yan bokon da unguwar ta haifa kada su jira sai an zo musu. Jami'ar tana kusa, babban asibitin koyarwa na Badun ya ma fi kusa. Tawaga ɗaya daga fadar Sarkin Hausawa ta isa ta nemi a zo a auna jinin samari a yi musu bayani.

Osibanjo da abokan aikinsa sun sauke nasu nauyin na tono gaskiya da kai ta gaban hukuma, kuma yawan ambaton da suka samu halaliyarsu ne. Sauran aikin yana kan jami'a da hukuma da shugabannin jama'a. Yaron da ya bar Katsina ko Maraɗi ya tafi Kurmi neman kuɗin aure, hakkinsa ne ya koma gida da kuɗinsa da kuma lafiyarsa.

Allah Ya ba shugabanni ikon gyarawa, Ya tsare masu neman halali a duk inda suke. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai.